Masassaƙin Ƙotar Bindiga a Ƙasar Zuru

Bindigar toka aikin mutum biyu ce, amma sunan mutum ɗaya take ɗauka. In maharbi ya ratayo sabuwa ya shigo kasuwa, abin da za a tambaye shi shi ne wane maƙeri ya ƙera ta. Ba mai tambayar wanda ya sassaƙa ƙotar. Alhali kuwa duk abin da jikin maharbi ke taɓawa a bindiga, in ka ɗebe kunama, itace ne. Itace ne ke zama a kafaɗarsa, a kan itace yake kwantar da kumatu, itace ne tafin hannunsa ke riƙewa tun fitar asuba har rana ta yi tsaka. Maƙeri ya yi abin da zai tashi da ƙara, masassaƙi kuwa shi ya yi abin da zai sa ƙarar ta tafi inda ido ya nufa, ba tare da ta karya wa mai ita ƙashin wuya ba.

A masarautar Zuru, wadda ta haɗa ƙananan hukumomin Zuru da Danko/Wasagu da Fakai da Sakaba a kudancin jihar Kebbi, da wuya ka sami wanda ƙotar bindiga kaɗai ce hanyar cin abincinsa. Masassaƙi ne na yau da kullum, mai turmi da taɓarya da akushi da kujerar mata, mai ƙotar fartanya da ta gatari da ta galma. Da damina manomi ne kamar kowa. Wani maƙerin ma shi yake haɗa duka biyun, ya yi ƙarfen ya kuma fafe itacen da kansa. Sai dai maharban da suka daɗe a dawa suna gane bambanci, don hannun da ya saba da guduma da uwar maƙera ba lallai ne ya iya lallashin itace ba. Cikin masassaƙa goma za ka sami masu fitar da turmi mai kyau da yawa, amma wanda maharba ke kwatancen gidansa ba ya wuce ɗaya ko biyu, kuma a ganina shi ne ƙololuwar wannan sana'a.

Maharbi mutum ne mai daraja a wannan ƙasa tun kafin bindiga ta zo. Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, sun shahara da tukwanen ado na yumɓu da mata ke ginawa a ɗora kan kabarin manyan maza, kuma gwanin farauta yana cikin waɗanda ake yi wa wannan karamci, tare da shugabanni da zakarun kokawa. Makaminsu na asali baka ne da kibiya mai dafi, da su da duwatsun da suka zauna a kai suka riƙa kare kansu daga hare-haren Sarki Nagwamatse na Kwantagora, har zuwa 1901 da Turawa suka ci Kwantagora. Su da Fakkawa da Dukkawa da Kambari mutanen daji ne da gona, sun san kowane itace da halinsa. Wanda ya iya zaɓar reshen da zai yi baka ba zai sha wuyar gane wanda zai yi ƙota ba.

Ita bindigar kanta baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida. Tarihin Kano ya nuna an shigo da bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, kuma Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Dogayen bindigogin da ake ɗurawa ta baki sun shigo ne ta gaɓar teku, daga hannun fataken Turai, cikinsu har da 'yan ƙasar Denmak da ke da sansani a bakin tekun Ghana ta yau. Daga baya biranen Bamingam na Ingila da Liyaj na Beljiyam suka riƙa ƙera su da yawa musamman domin kasuwar Afirka. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Burasal, suka hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, suka bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Wannan ne ya sa tsohuwar ƙira ta zauna daram a ƙauyukanmu bayan Turai ta manta da ita. Waɗancan bindigogin kasuwa kuwa da itace mai araha ake yi musu ƙota. Ƙarfen yakan kai jika, itacen ne ke fara mutuwa, ko gara ta ci, ko hunturu ya tsaga shi, ko ya karye a wuya ranar da mai shi ya zame a kan dutse. Ba inda za a kai karyayyar ƙota sai wurin mai gizago.

Aikin yana farawa a daji, kuma a nan ne gwani ke fara rabuwa da ɗan koyo. Ƙirya tana cikin itatuwa mafiya ƙarfi a wannan yanki, amma ba ta ƙota ba ce: nauyinta zai gajiyar da kafaɗa kafin a kai bakin rafi, ga ta da dakusar da kayan aiki. A bar ta ga turmi da gawayin maƙera. Maɗaci ja ne mai kyau, yana karɓar mai, nauyinsa madaidaici, sai dai jijiyarsa a sarƙe take, in ka sa masa wuƙa ta inda bai so ba sai ya yage maimakon ya yanku. Kanya tana da tauri da santsi, gara ba ta cika damunta ba, kuma tana cikin itatuwan da aka san ana yin ƙotar bindiga da su a wurare da dama na Afirka. Madobiya ita ce amarya, ga ƙarfi ga zane kamar an rina, in aka goge ta da mai har ba a son a sa mata wani ado. Akwai masu yi da aduwa, akwai masu yi da kawo. Malaina kuwa, wadda asalinta daga Asiya aka kawo ta, ba ta da nauyi kuma tana da sauƙin sassaƙa, shi ya sa mai sauri ke son ta, amma laushinta ba ya riƙe ƙusa da daɗewa.

Sanin sunan itace ba ya wadatarwa, sai an san wane ɓangare nasa za a ɗauka. Ƙotar bindiga ba miƙaƙƙiya ba ce. Tana tafiya a miƙe ƙarƙashin bututun, in ta zo inda hannun dama ke riƙewa sai ta sirance ta sunkuya, sannan ta buɗe ta zama gindi. Wannan siririn wuri shi ne wuya, kuma duk shurin da bindiga ke yi ta nan yake bi kafin ya isa kafaɗa. In aka yanko ƙota daga miƙaƙƙen katako, lanƙwasar wuyan za ta ratsa jijiyar itacen a karkace, wato an yanke zaren da ke riƙe da shi a daidai inda ya fi bukatar ƙarfi. Irin wannan ƙota tana iya yin shekara lafiya, ranar da aka cika ɗuri kuma ta rabu biyu a hannun mai ita. Shi ya sa masassaƙi na ƙwarai ke yawo yana duban inda gangar itace ta lanƙwasa da kanta, ko inda ta gangara zuwa saiwa, ko inda babban reshe ya rabu da uwa, don jijiyar ta bi wuyan yadda Allah Ya tanƙwara ta. Ilimin ƙotar fartanya ne aka ɗaga shi sama, don ita ma a mararrabar reshe ake neman kanta. Ido ko ƙulli a gindi ba laifi ba ne, har ado yake ƙarawa. A wuya kuwa aibi ne da ba ya gyaruwa.

Sai bushewa, wadda ita ce rabin sana'ar ko da yake ba a ganin ana yin komai. Ɗanyen itace cike yake da ruwa, in ya bushe sai ya tsuke, ya murɗe, wani lokaci ya tsage daga baki. In aka kwantar da ƙarfe a cikinsa yana ɗanye, bayan hunturu ɗaya gurbin zai saki, bututun ya riƙa rawa. Don haka akan rage itacen da gatari a bar shi da kauri, a cire farin gefensa da ƙwari ke so, a jingine shi a inuwa, a zaure ko ƙarƙashin rumfa ko saman madafa inda hayaƙi ke ratsa shi sannu a hankali. Rana tsaka ba ta busar da itace, fasa shi take yi. Masu aikin katako a Turai suna da ƙiyasin cewa kowane inci ɗaya na kauri yana son shekara ɗaya a iska. Iskarmu ta fi tasu bushewa, amma duk da haka itacen da bai ga damina da rani ba bai gama nuna halinsa ba. Gwani yakan ƙwanƙwasa shi da bayan gizago ya saurara. Wanda ya bushe yana amsawa da ƙara mai zaƙi, mai sauran ruwa kuwa sai ka ji shi dum.

Ranar da maharbi ya kawo ƙarfensa daga maƙera, ba a fara taɓa itace sai an auna mutum. Yadda tela ba ya yanka yadi sai ya ga kafaɗar mai riga, haka nan ma. Za a ce masa ya lanƙwasa hannu, a auna daga cikin gwiwar hannun zuwa gaɓar yatsan da ke jan kunama, wannan ne kusan tsawon gindin. Sannan a ba shi sanda ko tsohuwar ƙota a ce, “Baba, rufe ido ka ɗaga kamar ga zabo ya tashi.” In ya buɗe ido, masassaƙi yana tsaye gefe yana duban inda kumatun ya sauka da inda idon ya faɗa. Mai dogon wuya yana son gindin ya sunkuya sosai. Mai faɗin ƙirji yana son a ɗan kautar da shi gefe don idon ya hau kan bututun ba tare da ya karkata kai ba. Bahago nasa daban ne gaba ɗaya, kuma bahagon da ya gaji bindigar mahaifinsa na dama yakan yi shekaru yana zargin idonsa alhali laifin itace ne. Ƙota in ta yi tsawo tana maƙalewa a hammata, kafin a daidaita nama ya shige ciyawa. In ta yi gajarta, babban yatsa ne zai bugi hanci lokacin shuri.

Mutanen Zuru ba baƙin wannan magana ba ne, don ƙasa ce ta sojoji. Tun zamanin Turawa ake ɗibar Dakarkari aikin soja, daga nan ne manyan hafsoshi irin su Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, suka fito. Sojojin Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Burma a runduna ta 81 da ta 82 bindigar Lee-Enfield suka riƙe, mai ƙotar itace. Ko ita, da ake ƙera ta dubbai a masana'anta, ba tsawo ɗaya aka yi wa gindinta ba. Akwai tsawo huɗu, tsakanin kowanne da na kusa da shi rabin inci, a buga harafi a jikin itacen don a ba kowane soja daidai hannunsa. Rabin inci ke nan gwamnatin Ingila ta ga ya isa a yi masa lissafi a tsakiyar yaƙi. A Landan kuwa, tsofaffin gidajen ƙera bindigar farauta irin su Purdey da Holland & Holland suna da bindigar gwaji mai gaɓoɓi da ake murɗawa har ta dace da jikin mai saye, sannan a kwafe awon a kan itace. Abin da suke nema da wannan na'ura shi ne abin da masassaƙin ƙauye ke nema da sanda da ido.

Bayan awo sai babban aiki, wato kwantar da ƙarfe cikin itace. Ana fara wannan ne tun itacen yana da kaurinsa, kafin a fitar da siffa, don in an kuskure a sami wurin gyara. A ja layi a tsakiya, a fafe kwarin da bututun zai kwanta da cizal da wuƙa mai lanƙwasa. Dabarar da ake yi a nan tana burge ni ƙwarai saboda sauƙinta. A shafa wa ƙasan ƙarfen baƙin tukunya da ɗan mai, ko a riƙe shi kan hayaƙin fitilar kananzir har ya yi baƙi, a kwantar da shi a kwarin a danna, a ɗaga. Duk inda baƙi ya taɓa itace, nan ne tudu. A kankare wurin kaɗai, a sake shafawa, a sake dannawa. Da farko tabo biyu ko uku za a gani. Sannu a hankali tabon yana yaɗuwa, har ranar da za a ɗaga ƙarfen a ga kwarin ya yi baƙi daga farko har ƙarshe. Abin da ake cirewa a kowane zagaye bai fi ɓawon albasa kauri ba. Yaron gida yakan ƙosa ya ce, “Maigida, ai ya zauna.” Amsar da zai samu ita ce a miƙa masa ya girgiza kusa da kunnensa, in ya ji motsi ya koma ya ɗauko fitila.

Wurin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne inda ƙarshen ƙarfen na baya ke jingina da itace. In ya zauna daidai, shurin yana rarrabuwa cikin ƙotar gaba ɗaya ya sauka a kafaɗa kamar turi. In akwai rata, kowane harbi ƙarfen zai ja da baya ya daki itacen a wuri guda, yana tsaga shi kaɗan kaɗan ta ciki inda ido ba ya gani. Itacen da aka cire kuma ba ya komawa. Mai gaggawa in ya zarce sai ya cusa tsumma ko robar taya ya rufe, bindigar ta fita da kyan gani, aibin yana kwance yana jiran ranarsa.

Fitar da siffa shi ne abin da mai wucewa ke tsayawa kallo, amma ga gwani shi ne mai sauƙin. Gizago ya rage, wuƙa ta bi, magagari ya daidaita, sannan a kankare da fasasshiyar kwalba ko a goge da sandfefa. A huda ramin sandar ɗuri, a yi wurin maratayi. Daga nan sai mai, man kaɗe ko na gyaɗa, a shafa a ajiye ya sha, a sake, har itacen ya ƙoshi ya daina karɓa. Na fi son wannan a kan fenti ko banish mai ƙyalli da ake yayi yanzu, don mai yana shiga cikin itace, in ya kwarzane a sake shafawa, ƙyalli kuwa yana ɓarewa, yana kuma haska wa nama inda maharbi yake. Ado na mai bindiga ne: wani ya jera ƙusoshin tagulla a gindi, wani ya ɗaura wuri da laya, wani ya sa a naɗe wuyan da ɗanyar fata, wadda in ta bushe take tsukewa ta riƙe itacen gam. Da wannan fatar ce kuma ake ceton tsohuwar ƙota da ta fara tsagewa.

A Amurka wannan aiki abin sha'awa ne da mutane ke yi a gida bayan sun taso daga ofis. Mutum ya sayi ƙarfen bindigar ɗuri ta irin ta kakanninsa da guntun itace, ya yi watanni yana kwantar da shi, da baƙin hayaƙi iri ɗaya da namu. Suna da ƙungiya tun 1933, suna taruwa a wani ƙaramin gari mai suna Friendship a jihar Indiyana ana gasar harbi ana baje aikin hannu. A can nishaɗi ne da adana tarihi. A Zuru kayan aiki ne: na korar birai daga masara da dawa, na neman zomo da gyazbi da makwarwa da rani, na buga albarushi ranar salla ko naɗin sarauta.

Haka abin yake har zuwa shekarun nan da ɓarayin daji suka addabi yankin. A watan Yuni na 2021 'yan sanda sun tabbatar da kisan mutum 88 a ƙauyukan Danko/Wasagu. A watan Maris na 2022 'yan sa-kai fiye da 60 suka rasa rayukansu a wani kwanton ɓauna a yankin Sakaba. Mutumin da ke da bindigar toka, wato harba-ka-ruga, yana fuskantar mai AK-47, wanda ke zuba harsashi talatin kafin shi ya gama ɗuri na biyu. Duk da haka manomin da ba shi da wani abin dogaro ita yake nema, kuma yau yake son ta. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma wa zai tsaya gaya wa wanda aka kore wa shanu jiya cewa itace bai bushe ba? Sai a yanko malaina ɗanya daga injin katako, a fafe a kwana biyu, ba awo ba baƙin fitila. Wannan ya ɓata sana'ar ta fuska biyu. Aikin ya lalace, mai aikin kuma ya shiga zargi, don jami'in tsaro da ya tarar da ƙotoci jingine a zaure ba shi da hanyar sanin ko na maharbi ne ko na ɓarawo. Kuma gaskiya ce bindigar gida ta sha faɗawa hannun da ya zalunci wanda bai ji ba bai gani ba, har a cikin masu cewa tsaro suke yi. Dattijon da ya iya aikin sosai shi ne ya fi saurin ajiye shi ya koma turmi, don yana da mutuncin da zai tsare.

Itacen ma yana ƙarewa. Guguwar sarar madobiya zuwa Sin ta share dazuzzuka a Nijeriya har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu daga 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga ƙasar nan a 2018. A taron CITES na 2022 a Panama maɗaci da kawo su ma suka shiga jerin. Abin da masu katako suka bari masu gawayi suna bi, dajin da ya rage da manyan itatuwa kuma shi ne wanda ba a iya shiga saboda ɓarayin daji.

Dokar makamai ta 1959 ba ta haramta bindigar ɗuri ba. Ta ware ta a rukuni na uku, daban da makaman yaƙi da bindigogin zamani, ta ɗora lasisinta a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, ta kuma tanadi izinin ƙira da gyaranta daga hukumar 'yan sanda. Wanda ya yi ba izini ya karya doka, wannan ba ja. Amma masassaƙin Ribah ko Dirin Daji ko Mahuta bai san ƙofar da ake bi a nemi wannan izini ba, Birnin Kebbi kuma ba nan kusa ba ce. Tun 2021 akwai cibiyar ƙasa mai kula da ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Abin da nake fata ta yi a Zuru shi ne ta zauna da masarauta da sarakunan maƙera da shugabannin maharba, a rubuta sunan kowane mai wannan aiki a gundumarsa, a kawo izinin inda yake, a ɗora masa sharaɗin kada ya karɓi ƙarfe sai daga mai lasisi. Kowace ƙota ta fita da lamba da alamar wanda ya sassaƙa ta, an ƙona su da ƙarfe mai zafi a gefen gindi, a kuma shigar da su littafin da ke hannun hakimi da ofishin 'yan sanda na yankin.